Ina Ruwan Ɗan Gombe Da Sharar Teku?

Daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu sai ɗan ƙanena ya miƙo mini wayarsa. "Baba, kalli wannan." Bidiyo ne na wasu samari da 'yan mata a bakin teku a Legas, sanye da safar hannu, kowa da buhunsa, suna tsintar robobin lemo da leda da tsofaffin silifas daga cikin yashi. Da suka gama suka jera buhunan, suka riƙa ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, wata yarinya tana rubutawa a takarda.

Wayar ta zaga teburi. Da ta isa hannun wani maƙwabcinmu, dattijo ne da nake ganin girmansa ƙwarai, ya kalla na ɗan lokaci ya mayar. Ya ce, "Rashin aikin yi ne. Gobe ruwa ya sake kawo wata. Kuma mu ina ruwanmu da teku? Ni ko a mafarki ban taɓa ganinsa ba." Aka yi dariya. Yana rufe baki ya tsotse ragowar ruwan ledar da ke hannunsa, ya wurga ledar cikin kwatar da ke bayan benci.

Ban tanka ba, don ba a gyara wa babba magana a gaban yara. Amma abin ya kwana a raina, ya kuma wuni.

Ra'ayina shi ne yaran nan na Legas suna kan daidai, kuma mu mutanen Gombe mun fi su bukatar irin aikin da suke yi. Ba mu da teku, amma muna da kwata, muna da kwalbati, muna da kwari. Nan ne bakin tekunmu. Ya kamata kowace unguwa ta dawo da gayya ta yashe su kafin ruwan farko ya sauka, ta kuma yi aikin da tsari, ba irin na ganin ido da muka saba ba.

Ina ledar take zuwa?

Mu bi ledar da dattijon ya jefa. Garin Gombe a gangare yake, tudu yana yamma, ruwa kuma gabas yake nufa. Ranar da aka yi mamako, kwatar bayan benci za ta tura abin da ke cikinta zuwa babbar kwata, ita kuma ta zuba a kwari, kwari ya nufi wajen Gongola. Kogin Gongola daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya yi kwana a wajen Nafada ya fuskanci kudu, ya bi ta Dadin Kowa da Kiri, ya faɗa Binuwai a Numan. Binuwai ta haɗu da Neja a Lakwaja, Neja kuma ta zube a Tekun Atilantika. A 2017 wasu masu bincike a Jamus sun fitar da koguna goma da suka fi kwasar roba zuwa teku a duniya. Takwas a Asiya suke, biyu a Afirka: Nilu da Neja.

To ashe akwai igiyar da ta ɗaure kwatarmu da yashin da yaran nan ke tsinta, ko da ba mu taɓa taka shi ba.

Sai dai ba zan yi ƙarin gishiri ba. Yawancin ledar Gombe ba ta isa teku. Hanya ta yi nisa, akwai madatsun ruwa a tsakani, akwai rairayi da ciyayi da ke riƙe ta. A nan kusa take tsayawa. Wannan kuwa shi ya fi kamata ya hana mu barci, domin duk inda ta tsaya, a kanmu ta tsaya.

Tana tsayawa a bakin kwalbati. Leda ta kama kara, kara ya kama tsumma, tsumma ya kama yashi, cikin minti kaɗan an gina bango. Ruwa ba ya jira, sai ya hau titi, ya shiga zaure, ya ci gindin katangar ƙasa. Duk wanda ya yi wayo a garin nan a watan Agustan 2004 ya san abin da ruwa ya yi mana, kuma ya san gidajen da aka yi zaman makoki. Ban ce leda ce kaɗai ta jawo ba. Amma tun daga lokacin mutane sun ƙaru, gine-gine sun matse hanyoyin ruwa, shara kuma ta ninka. Hanyar da ta rage wa ruwa ita ce muke toshewa da hannunmu.

Tana tsayawa a cikin dabbobinmu. A layyar bara na sayi rago da ya yi mini tsada, na yi kusan wata ina ba shi dusa da harawa, yana ci kaɗan yana barin saura, cikinsa a kumbure amma ƙashin bayansa a fili. Ranar salla da mahauci ya farke tumbin, sai ya tsaya ya kira ni. Ya sa hannu ya zaro wani dunƙule baƙi, ya kai girman ƙwallon yara, a murɗe kamar igiya. Ya warware shi a kan faifai: baƙar leda, ledar ruwa, igiyar buhu, har da ledar biskit da rubutunta bai goge ba. Ya ce mini, "Malam, wannan ai kullum ne. A saniya har ya fi haka." Yarana suna tsaye suna kallo. Ƙaramar ta tambaye ni ko ragon ya ji zafi. Na ce mata ya ji.

Akuyar da ke yawo a bola gishiri da mai take bi, ta haɗiye ledar da aka ƙunsa awara ko ƙosai a ciki. Matar da ke kiwon akuya biyu don ranar bukata ita ce ke asara, kuma sau da yawa ba ta san abin da ya rame mata dabba ba.

Tana tsayawa a gona ma. Takin bola da ake kaiwa gonakin bayan gari rabinsa leda ne yanzu. Ka fita hanyar Dukku ko ta Biu da rani ka dubi ƙayoyin gefen titi, kowace ta sha ado da baƙar leda tana kaɗawa. Sannan kada mu manta ruwan famfon garin nan daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, kimanin kilomita 40 daga nan. Kogin da muke ɗauka juji ne, shi ne randarmu.

"Gobe ruwa ya sake kawo wata"

Wannan ita ce hujjar dattijon da ta fi nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Tsinta kaɗai ba ta kashe matsalar. In ana zuba wa tulu ruwa ta sama, kwasa ta ƙasa ba za ta ƙarar da shi ba.

Amma akwai abin da ya faru a Mumbai ta ƙasar Indiya da nake so ya ji. A watan Oktoban 2015 wani lauya mai suna Afroz Shah ya fara tsintar shara a gaɓar tekun Versova, wurin da roba ta rufe yashi gaba ɗaya. Su biyu suka fara, shi da maƙwabcinsa dattijo ɗan shekara 84. Kowane ƙarshen mako suna fita. Mutane suka riƙa ƙaruwa, masunta da 'yan makaranta da 'yan kasuwa, har hukumar birni ta kawo motoci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi a 2016. A watan Maris na 2018 aka ga 'ya'yan kunkurun teku sun ƙyanƙyashe a wannan gaɓa suna rarrafawa zuwa ruwa, abin da aka yi kusan shekara 20 ba a gani ba. Teku bai daina kawo shara ba ko a lokacin. Su ne ba su daina fita ba.

Sannan ku lura da yarinyar nan mai takarda da biro a cikin bidiyon. Ba ado take yi ba. Gangamin tsaftace gaɓar teku na duniya da ƙungiyar Ocean Conservancy ke shiryawa kowane watan Satumba ya faro ne a 1986 a jihar Tekzas ta Amurka, kuma tun daga farko masu tsinta suna rubuta abin da suka tsinta: murfin kwalba nawa, guntun sigari nawa, leda nawa. Wanda ya ƙirga ya san abin da ya fi yawa, ya san daga ina yake fitowa, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A watan Janairun 2024 gwamnatin Legas ta haramta farar robar nan mai kumfa da ake zuba abincin tafi-da-gidanka, kuma babban dalilin da ta bayar shi ne toshe magudanan ruwa. Sai da aka san mai laifi aka kama shi.

Mu a unguwarmu wa ya taɓa ƙirgawa? Da za mu zazzage buhu ɗaya daga kwatarmu mu ware, na tabbata ledar ruwa da baƙar leda za su cinye fiye da rabi, sai kunzugun yara na zamani. Daga nan magana ta koma kan masu shago da masu sayar da ruwa da iyayen jarirai na layinmu, mutanen da muka sani da suna, muke sahu ɗaya da su a masallaci.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Yaron da ya shiga kwata har gwiwa, ya sha wari, ya ciro ledar ruwa ɗari da hannunsa, da wuya ya sake jefa tasa a ciki. Na ga haka a kan ɗana.

Kuskuren da muka yi bara

Ba daga nesa nake magana ba. Bara mun yi gayya a layinmu, kuma mun yi ta ba daidai ba.

Mun fito bayan sallar asuba, mu kusan talatin, da shebur da manjagara da baro uku. Matasa suka shiga kwata, dattawa suna nuni, mata suka aiko da kunu. Kafin hantsi mun yashe daga bakin masallaci har zuwa kwalbatin babban titi. Baƙin taɓo da leda muka tara tsibi-tsibi a gefen kwatar. Kowa ya koma gida yana jin daɗi. Wani mai tifa ya ce zai zo da yamma, ba mu ba shi ko sisi ba, ba mu kuma sa kowa ya bi shi ba. Bai zo ba. Washegari ma haka. Tsibin ya bushe, awaki suka tona, iska ta ɗebi ledar sama-sama, masu babur suna kauce masa. A kwana na huɗu hadari ya haɗo da la'asar. Ina tsaye a ƙofar gida na ga aikinmu gaba ɗaya yana narkewa yana komawa inda muka ciro shi.

Abin da ya fi ciwo shi ne maganar da ta biyo baya. Waɗanda ba su fito ba suka ce, "Ai mun faɗa." Waɗanda suka fito suka yi shiru. Da aka sake kiran gayya bayan wata biyu, mutum bakwai suka amsa.

Laifinmu ne. Mun ɗauka yasa ita ce aikin, alhali rabinsa ce. Yaran Legas ba sa barin buhunansu a bakin ruwa su tafi. Gayyar da ba ta tanadi motar kwasa da wurin zubarwa ba tun kafin a ɗaga shebur, gara ba a yi ta ba, domin tana kashe gwiwar mutane na shekara guda. Lokaci ma yana da muhimmanci. Watan Afrilu da farkon Mayu, kwata a bushe take, abin da aka ciro ba shi da nauyi, kuma ba a tseren hadari. A Agusta kuwa gyaran ɓarna kawai ake yi.

Sai safar hannu da takalmin roba. Bara wani yaro kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa, da silifas ya shiga. A cikin kwatar gari akwai reza, akwai allura. Bai halatta mu tura 'ya'yan mutane ciki hannu tsirara ba.

"Aikin gwamnati ne"

Wani ɓangarensa aikinta ne, babu musu. Talaka ba shi da tifa, ba shi da filin juji, ba shi da ikon cin tarar wanda ya gina shago a kan magudana. Akwai hukumar GOSEPA da aka kafa don tsaftar muhalli. An kashe kuɗi masu yawa wajen ɗaure manyan kwaruruka da kankare a ƙarƙashin NEWMAP, shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na Bankin Duniya, an kuma dasa itatuwa a shirin 3G na gwamnatin jiha, wato Gombe Goes Green, tun daga 2019. Abin da nake roƙo daga hukuma a fili yake: wurin zuba shara da ƙafa za ta iya kaiwa a kowace unguwa, motar da ake sanin ranar zuwanta, da dawo da duba-gari irin na dā, wanda iyayenmu ke jin labarin zuwansa su tashi wanke randa.

Domin a yi adalci, matar da ke tura yaro ya juye shara a kwari ba muguwa ba ce. Ta share tsakar gidanta tas, ta tara a bokiti, ba ta da inda za ta kai. Kwari ne a kusa.

Amma akwai ɗabi'ar da ba gwamnati ce ta koya mana ba. Da zarar an fara yayyafi, sai ka ga ƙofofi suna buɗewa, yara suna fitowa da gudu da bokitai da kwanduna, ana juyewa cikin kwata don ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Gidan wanda ke gangare. Mutumin tudu ya kwana lafiya, na ƙasa ya kwana yana kwasar ruwa da kwano, katifarsa a kan kai. Wannan zalunci ne tsakanin maƙwabta, ko da mai yin bai yi niyya ba. Babu ma'aikacin da za a ajiye a kowace ƙofa lokacin da hadari ya taso.

Asabar ɗin ƙarshen wata kuwa, ranar tsaftar muhalli, wadda asalinta ke komawa zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin soja ta 1984, a wurin da yawanmu ta zama ranar ramuwar barci, yara kuma su samu titi babu mota su buga ƙwallo. A Ruwanda ma Asabar ɗin ƙarshen wata ce ranar aikin gayyarsu da suke kira Umuganda, kuma sun hana leda tun 2008. Kenya ta bi sahu a 2017. Rana ɗaya ce da tamu, bambancin su suna fitowa.

"Mutum bai ci ba, ka ce ya yi shara?"

Na san halin da ake ciki, ni ma a cikinsa nake. Shi ya sa ba na cikin masu cewa a hana ruwan leda gobe da safe. Famfo bai kai ko'ina ba, kuma dubban mutane a nan suke samun na tuwo, daga mai injin har yarinyar da ke tallarsa a tasha.

Amma talaucin ne ma ya sa maganar ta zama dole. Mai kuɗi in ruwa ya ci katangarsa zai sake ginawa da bulo. In sauron kwata ya kwantar da ɗansa zai kai shi asibitin kuɗi. Wanda katangarsa ta ƙasa ce, wanda akuya biyu ce jarinsa, shi ne ba shi da halin yin sakaci.

Kuma akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Ka sayi dunƙulen miya biyu, a sa maka a leda. Ka sayi ashana, leda. Mai shago ya ba ka leda cikin leda, in bai ba ka ba ka ji haushi. Iyayenmu mata da kwando suke zuwa kasuwa, a kwano ake sayo koko, a ƙwarya ake dama fura, alala a ganye ko gwangwani ake dafa ta. Yau koko mai tururi a leda ake ƙulla wa ɗan makaranta, da leda kuma ake hura gawayi, hayaƙin yana shiga ƙirjin mai girki da goyon da ke bayanta. Ba ci gaba ba ne wannan. Robar lemo ita ta yi sa'a, masu zoɓo da kunun aya suna nemanta, 'yan jari bola suna saye. Leda ce marainiya, ba ta da nauyi a sikeli, shi ya sa ba mai sunkuya mata sai wanda ya yi don Allah.

Masu cewa neman suna ne da ɗaukar hoto, ban ga abin faɗa ba. Niyya tana wurin Mai duka. In matashi ya yashe kwata ya ɗora hotonsa a Facebook, kwatar dai ta yasu, wataƙila ma na wata unguwa ya gani ya yi kishi. Wanda nake ƙi shi ne mai zuwa da sabuwar tsintsiya da 'yan rakiya, ya yi shara taku uku a inda babu datti, ya shiga mota.

Ina kuma roƙon limamanmu su sa baki. A Suratur Rum, aya ta 41, Allah Ya ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Tudu da teku aka haɗa a aya ɗaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Huɗuba ɗaya a farkon damina kan haƙƙin maƙwabcin gangare za ta yi abin da sanarwar rediyo goma ba ta yi ba. Haka ma a coci, domin kwatar Gombe ba ta tambayar addinin gidan da za ta shiga.

Ranar Lahadi da safe na je gidan dattijon na same shi shi kaɗai a zaure. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, maganar ranar nan ce ta dawo da ni." Na ba shi labarin ragon, na ba shi labarin tsohon Mumbai ɗan shekara 84. Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "Bara ai kun yi, me ya hana ta komawa?" Na ce mota ce ba mu tanada ba. Ya ce, "To ku fara da motar. In kun biya mai tifa, ku zo ku faɗa mini, ni zan yi wa mai unguwa magana." Ya kuma ce baronsa yana nan, sai dai tayar tana bukatar faci.

Mun sa ranar Asabar ta sama, bayan sallar asuba. Gida-gida aka yi karo-karo, an ba mai tifa rabin kuɗinsa, ɗan ƙanena ne zai shiga gaban motar ya taho da ita da ƙarfe tara. 'Yata ta ce ita za ta riƙe takarda da biro. Safar hannu muna da guda goma sha biyu, muna neman wasu ashirin kafin Juma'a.